Sunan Da Ke Kan Murfi: Yadda Kwamfuta Ta Sauya, Da Abin Da Mutum Ke Bari Idan Ya Sauya Kamfani

A ranar 14 ga Oktoba, 2025, kamfanin Microsoft ya janye hannunsa daga kula da Windows 10, babbar manhajar da ta yi shekaru 10 tana tafiyar da kwamfutocin ofisoshi da makarantu da shagunan buga takardu a faɗin duniya. Kwamfutar da ke ɗauke da ita ba ta mutu a ranar ba. Tana kunnuwa, tana aikinta yadda ta saba. Abin da ya tsaya shi ne gyare-gyaren tsaro da kamfanin ke turowa kyauta don toshe kafofin da masu kutse ke bi, sai fa ga wanda ya yi rajistar ƙarin wa'adi. Magajiyarta, Windows 11, ta zo da sharaɗi: sai kwamfuta tana da wani guntun tsaro mai suna TPM 2.0, kuma ƙwaƙwalwarta, wato furosesa, ta kasance daga zubi na 8 na Intel zuwa sama, ko takwararta ta AMD. Da wannan ma'auni miliyoyin kwamfutoci masu lafiya ƙalau suka koma tsofaffi dare ɗaya.

Abin ya shafe mu kai tsaye. Da yawa daga cikin laftof ɗin da ake ciniki a Computer Village ta Ikeja, da Banex a Abuja, da titin Beirut a Kano, na hannu ne, waɗanda ofisoshin Turai da Amurka suka gama yayinsu aka yo gwanjonsu. Ɗalibin da ke shirin rubuta kundin kammala digiri, da mai shagon da ke yi wa yara rajistar jarrabawa, da mai tace bidiyon biki, duk tambaya guda ke bakinsu: wacce zan saya? In zauna a HP ɗin da na sani, in koma Dell ko Lenovo, ko in rufe ido in ɗauki MacBook?

Sunan da ke kan murfin kwamfuta bai faɗin ko rabin abin da ke cikinta. Akwai sauyin kamfanin da mutum ba zai ma ji a jikinsa ba, akwai kuma wanda zai yi makonni yana laluben inda aka ajiye komai. Asalin wannan bambanci yana cikin tarihin na'urar, musamman wata shawara da aka yanke cikin gaggawa a farkon shekarun 1980.

Daga cika ɗaki zuwa hawa tebur

Lokacin da aka nuna wa duniya ENIAC a Jami'ar Pennsylvania ta Amurka a 1946, nauyinta ya kai kusan tan 30, kuma tana aiki ne da kwalaben lantarki kusan 18,000. Shekaru da dama bayan haka, kwamfuta ta ci gaba da zama kayan gwamnati da jami'o'i da manyan bankuna. Abin da ya karya wannan katanga ya zo a 1971, da kamfanin Intel ya dunƙule ƙwaƙwalwar kwamfuta a kan guntu ɗaya, ya sa masa suna 4004. A cikinsa akwai taranzista 2,300, wato ƙananan makunnan lantarki da ake yin lissafi da su.

A watan Janairun 1975 mujallar Popular Electronics ta buga hoton Altair 8800 a bangonta. Akwati ce kawai mai maɓallai da fitilu, ba allon rubutu, ba fuskar kallo, kuma abin da take iya riƙewa a kanta bai wuce haruffa 256 ba. Mai saye ne ma zai harhaɗa ta da hannunsa. Duk da haka, ita ce ta ja hankalin Bill Gates da Paul Allen suka rubuta mata harshen BASIC, daga nan aka haifi Microsoft. Shekara guda bayan haka Steve Jobs da Steve Wozniak da Ronald Wayne suka kafa Apple. A 1977 kwamfutoci uku suka fito da ake iya saye a kunna ba tare da riƙe sukuddireba ba: Apple II, da Commodore PET, da TRS-80 ta kamfanin Tandy.

Har zuwa lokacin 'yan kasuwa kallon kayan wasa suke musu. Manhajar VisiCalc ce ta sauya ra'ayinsu a 1979. Dan Bricklin da Bob Frankston suka ƙirƙiro ta, kakar Excel ce: ka canja adadi ɗaya, duk jadawalin ya sake lissafa kansa. Akantoci suka riƙa sayen Apple II don kawai su samu VisiCalc. Tun daga nan darasin ya fito fili, kuma bai canja ba har yau: mutane suna bin manhajar da ke musu aiki ne, sannan su sayi na'urar da za ta ɗauke ta.

A wancan zamani sauya kamfani asara ce tsagwaronta. Faifan Commodore ba ya karantuwa a Apple, manhajar Apple ba ta tashi a Tandy. Wanda ya bar ɗaya ya koma ɗaya, sai ya sake sayen manhajoji, sau da yawa ma ya sake buga bayanansa daga farko.

Shawarar da ta raba suna da kaya

IBM, giwar kamfanonin kwamfuta a lokacin, ya ga kasuwa na neman wuce shi. Sai ya ware wata tawaga a garin Boca Raton na jihar Florida, ƙarƙashin Don Estridge, aka ba su kimanin shekara guda su fito da ƙaramar kwamfuta. Al'adar IBM ita ce ya ƙera komai da kansa, amma wa'adin bai bar wannan dama ba. Tawagar ta shiga kasuwa: furosesa 8088 daga Intel, babbar manhaja daga Microsoft. Shi kansa Microsoft ba shi da ita a hannu, sayo ta ya yi daga wani ƙaramin kamfani mai suna Seattle Computer Products, ya gyara. A yarjejeniyar kuma IBM bai hana Microsoft sayar wa wasu wannan manhaja ba.

IBM PC ta fito ranar 12 ga Agusta, 1981, a kan dala 1,565 ga mafi ƙanƙanta. Kamfanin ya wallafa littafin da ke bayyana tsarin cikinta filla-filla, domin wasu su ƙera mata kayan haɗi. Abu ɗaya ya rage nasa shi kaɗai: BIOS, 'yar manhajar da ke tayar da kwamfuta ta haɗa ta da sassanta, wadda dokar haƙƙin mallaka ta kare.

Wannan ma bai daɗe ba. Kamfanin Compaq ya sa injiniyoyinsa suka rubuta wani BIOS sabo fil, mai yin duk abin da na IBM ke yi ba tare da an kwafi layi ɗaya ba. Kwamfutarsu ta farko, Compaq Portable, ta shiga kasuwa a 1983 da nauyin kusan kilo 13, kuma a shekarar farko suka yi cinikin dala miliyan 111. Daga 1984 kamfanin Phoenix ya fara sayar da irin wannan BIOS ga duk mai so. Ƙofa ta buɗe. A shekarar ce Michael Dell ya fara harhaɗa kwamfutoci a ɗakin kwanansa na ɗalibai a Jami'ar Texas, masana'antun Taiwan su ma suka shigo da ƙarfinsu.

IBM ya yi yunƙurin dawo da ragama a 1987 da samfurin PS/2, mai sabon tsarin ciki da sai an biya shi kafin a kwaikwaya. Sauran kamfanoni suka juya masa baya, suka ci gaba a kan tsohon tsarin. Zuwa 1994 Compaq ya wuce IBM a yawan ciniki. Lokacin da Windows 95 ta fito a watan Agustan 1995, kowa ya gane cewa iko ya koma hannun kamfanoni biyu da sunansu ba ya kan murfi: Microsoft mai manhaja, da Intel mai furosesa.

Saboda haka HP da Dell da Lenovo da Acer da Asus duk jikokin tsari ɗaya ne. Shi ya sa ma aka iya samun kamfanonin gida irin su Zinox na Leo Stan Ekeh, wanda ya fito da kwamfutarsa a 2001, da Omatek na marigayiya Florence Seriki. Ba su buƙaci izinin IBM ba. Sassan na kasuwa, tsarin kuma na kowa ne.

Hanyar da Apple ya bi

Apple ya ƙi shiga wannan ayari. Bayan ziyarar da Jobs ya kai cibiyar binciken Xerox da ke Palo Alto a 1979, inda ya ga kwamfutar da ake sarrafawa da linzami da hotuna maimakon buga umarni, kamfanin ya fito da Macintosh ranar 24 ga Janairu, 1984, a kan dala 2,495. Shi ke ƙera na'urar, shi ke rubuta babbar manhajarta. Ya taɓa ba wasu kamfanoni lasisin kwaikwayo a tsakiyar shekarun 1990, amma da Jobs ya dawo a 1997 ya soke tsarin.

A wannan shekara Apple na gab da durƙushewa. Microsoft ya zuba masa dala miliyan 150, tare da alkawarin ci gaba da yin Office ta Mac har shekaru biyar. Alkawarin ya fi kuɗin nauyi, domin da Word da Excel sun bar Mac, da masu amfani da ita sun bi su.

Daga nan Apple ya mayar da jawo mutanen Windows babban aikinsa. A 2002 ya yi wani kamfen na talla da ke nuno mutanen gari suna ba da labarin yadda suka baro Windows. Amma abin da ya fi talla tasiri ya zo a 2006, da ya koma amfani da furosesar Intel, ya kuma fito da Boot Camp, wadda ke ba mutum damar ɗora Windows a kan Mac. Mai shakka ya samu hanyar komawa idan abin bai karɓe shi ba, sai tsoron ya ragu.

Sau uku Apple yana canja ƙwaƙwalwar Mac gaba ɗaya: daga Motorola zuwa PowerPC a 1994, zuwa Intel a 2006, sannan zuwa tasa ta kansa, M1, a watan Nuwamban 2020. M1 na ɗauke da taranzista biliyan 16, idan aka tuna 4004 na da 2,300 kacal. An gina ta a kan tsarin ARM irin na wayoyin hannu, mai cin wuta kaɗan, har ya zama MacBook Air ba ta da fanka a ciki, kuma batirinta na iya kai mutum yini. Sai dai Boot Camp ba ta biyo wannan ƙaura ba. Mai sabuwar Mac da ke buƙatar Windows sai ya bi ta wata manhaja da ke kwaikwayon kwamfuta a cikin kwamfuta, kuma ba kowane aiki ke tafiya sumul ta nan ba.

Sunayen da suka shuɗe

Wanda ya yi wa kamfani biyayya a wannan fage, sau da yawa kamfanin ne ya fara tafiya. Commodore, mai samfurin Commodore 64 da ke cikin kwamfutocin da aka fi saya a tarihi, ya karye a 1994. HP ya haɗiye Compaq a 2002. IBM, wanda ya kafa tsarin, ya sayar wa Lenovo na ƙasar Sin sashen ƙananan kwamfutocinsa a 2005. Acer ya sayi Gateway a 2007. Sony ya rabu da VAIO a 2014. Toshiba, wanda samfurinsa T1100 na 1985 ke cikin laftof na farko-farko da suka yi kasuwa, ya sayar wa Sharp mafi yawan hannun jarin sashen a 2018, ya ƙarasa sauran a 2020.

Labarin ThinkPad ya isa misali. IBM ya fito da ita a 1992, baƙa, da ɗan jan maɓalli a tsakiyar allon rubutu. Mai ita ya canja, tambarin ya canja, amma ƙirar da tawagar injiniyoyinta ta Japan sun ci gaba. Mai amfani da ThinkPad ya sauya kamfani daga na Amurka zuwa na Sin ba tare da ya tashi daga kujerarsa ba.

A yau ma, mafi yawan laftof ɗin duniya ba masu sunan ne ke harhaɗa su ba. Kamfanonin kwangila na Taiwan irin su Quanta da Compal da Wistron da Inventec ne ke yin aikin, kuma kamfani guda kan yi wa abokan hamayya da dama. Fuskar kallo, da ma'adanar bayanai, da ƙwayoyin batir, duk daga 'yan masana'antu ƙalilan suke fitowa. An ga haka ƙarara a watan Agustan 2006, lokacin da Dell ya janye batira miliyan 4.1 saboda haɗarin kamawa da wuta, Apple ya bi sahu da miliyan 1.8. Sony ne ya ƙera ƙwayoyin batiran duka biyun.

Abin da ya fi suna muhimmanci shi ne ajin da aka yi kwamfutar dominsa. Kowane babban kamfani na da na ofis da na gida, kamar waɗannan tsofaffin sunaye da aka saba da su: EliteBook da Pavilion a HP, Latitude da Inspiron a Dell, ThinkPad da IdeaPad a Lenovo. Na ofis an yi su ne don su jure yawo da aikin yini, da maƙalar murfi mai ƙwari da sauƙin kwancewa. Tazarar da ke tsakanin EliteBook da Pavilion, duk da uba ɗaya ya haife su, ta fi wadda ke tsakanin EliteBook da Latitude. Wanda ya ce wani kamfani ba shi da ƙarko, a tambaye shi wane aji ya riƙe.

Sauyi iri biyu

Barin HP zuwa Dell ko Lenovo canjin riga ne. Barin Windows zuwa Mac ko Linux kuwa ƙaura ce zuwa wani gari.

A sauyi na farko, manhajoji da fayiloli duk suna bin mutum. Abin da zai bambanta bai wuce bakin caja, da wurin wasu maɓallai, da 'yan manhajojin da ke haɗa sassan na'ura da Windows ba, waɗanda masu gyara ke kira direba. Tarko biyu ne kawai ake faɗawa. Lasisin Windows da ya zo da kwamfuta a jikinta yake, ba ya bin mai ita zuwa sabuwa. Sannan sababbin kwamfutoci da dama kan kulle ma'adanarsu da BitLocker ba tare da mai su ya lura ba. Idan aka ciro ma'adanar aka kai wata kwamfuta, sai ta nemi mabuɗi mai lambobi 48, wanda galibi yana cikin asusun Microsoft na mai ita. Wanda wani ya buɗe masa asusun a shago bai riƙe kalmar sirri ba, yana iya zama ga fayilolinsa ga shi, amma ba halin buɗewa.

Akwai kuma batun allon rubutu, wanda ya fi shafar kayan gwanjo. Laftof ɗin da ta fito daga Ingila ba a wuri ɗaya take ajiye alamar @ da ta Amurka ba. Ta Jamus ta musanya wurin Y da Z. Ta Faransa kuwa, irin wadda aka saba da ita a Nijar, layinta na sama da AZERTY yake farawa. Mutumin Maraɗi da ya sayi laftof a Kano, ko na Katsina da ya sayo a Yamai, yatsunsa ne za su fara sanar da shi.

Sauyi na biyu shi ne mai nauyi, kuma a kan manhaja ake fara cin karo. Microsoft Access da Revit da SolidWorks da ArcGIS Pro duk na Windows ne kaɗai, don haka ɗalibin zanen gine-gine ko na safiyo da ya sayi MacBook don ƙawa ya sayi wahala. CorelDRAW, wadda ita ce harshen masu ɗab'i a ƙasar nan, ta dawo Mac a 2019, amma shaguna da yawa na kan tsofaffin zubi na Windows, kuma fayil ɗin sabon zubi ba ya buɗuwa a tsoho sai an sauko da shi wajen adanawa. Na'urorin ɗaukar hoton yatsa da tsofaffin firintoci galibi direbansu na Windows ne. A ɗaya ɓangaren, Final Cut Pro da Logic Pro na na'urorin Apple ne kaɗai, kuma mai son gina manhajar iPhone sai ya bi ta Xcode, wadda ita ma a Mac take. Akwai kuma gaskiyar da ba a cika faɗa ba: mutane da dama sun saba a loda musu manhajojin sata a shago kan kuɗi kaɗan, sai ranar ƙaura suke fara sanin ainihin farashin abin da suke aiki da shi, kuma da dala.

Sai fayiloli. Ma'adanar waje da aka tsara da NTFS ta Windows, Mac na karanta ta amma ba ta rubutu a kanta sai da ƙarin manhaja. Wadda aka tsara da APFS ta Apple kuwa, Windows ba ta ma ganin abin da ke ciki. Tsarin exFAT ne dukansu ke karantawa su rubuta, sai dai sake tsara ma'adana na goge duk abin da ke kanta, don haka a kwashe kafin a taɓa.

Marubutan Hausa na da tasu damuwar ta daban. Kafin tsarin Unicode ya yaɗu, an riƙa buga haruffa masu lanƙwasa da wasu zubin haruffa na musamman, irin su Rabi'at da Abdalla da Farfesa Abdalla Uba Adamu ya samar, waɗanda suka fitar da marubuta da maɗaba'u daga ƙangin gyara lanƙwasa da biro. Dabarar ita ce a ari gurbin wasu alamomi a ɗora ɓ da ɗ da ƙ a kai. Idan aka buɗe irin wannan rubutu a kwamfutar da ba ta da zubin, sai ƙasa ta koma }asa, ɗaya ta koma ]aya. Mai tsofaffin rubuce-rubuce ya kwafi zubin haruffan tare da fayilolinsa, ko mafi kyau, ya zauna ya mayar da alamomin zuwa haruffan Unicode, waɗanda kowace kwamfuta da waya ke ganewa. Windows ma tana da tsarin allon rubutu na Hausa a cikinta, sai dai a kunna.

Yatsu su ma sai sun koma makaranta. Abin da Ctrl ke yi a Windows, maɓallin Command ke yi a Mac. A Mac, danna jan ɗigo na rufe taga ne kawai, manhajar na nan tana aiki a baya. Waɗannan ba su kai matsalar manhaja ba. Haƙurin 'yan makonni ke magance su.

Linux ita ce hanya ta uku, kuma ta fi dacewa da wanda kwamfutarsa lafiya lau take amma Windows 11 ta ƙi ta. Linus Torvalds ya faro ta yana ɗalibi a Helsinki a 1991, sannan Ubuntu, wadda ɗan Afirka ta Kudu Mark Shuttleworth ya assasa a 2004, ta sauƙaƙa ta ga mutanen gari. Kyauta ce, tana tashi a tsofaffin na'urori, kuma LibreOffice na buɗe fayilolin Word da Excel, ko da yake tsarin shafi mai sarƙaƙiya kan ɗan goce. Ga wanda aikinsa rubutu ne da intanet, wannan na iya ƙara wa kwamfutarsa shekaru ba tare da ya kashe ko kwabo ba.

Wuta, gyara da kasuwa

Mujallun ƙasashen waje na auna kwamfuta da sauri da kyan fuska. A inda ake ɗauke wuta ba sallama, ma'aunin farko shi ne batir, kuma a nan MacBook masu furosesar M sun yi zarra. Sai dai an liƙe RAM ɗinsu da ma'adanarsu a jikin allon uwa, abin da ka saya da shi za ka zauna, kuma idan allon ya ƙone bayanan na iya tafiya tare da shi. Siraran laftof na Windows da yawa su ma sun bi wannan salo. Tsofaffin EliteBook da Latitude da ThinkPad kuwa, da sukuddireba ake ƙara musu RAM, a cire tsohuwar ma'adana mai juyawa a sa SSD, su farfaɗo. Kafin a biya kuɗi, yana da kyau a zaga wajen masu gyara na garin da ake zaune a ji ko suna da fuska da batir da allon rubutun wannan samfuri, da kuma nawa.

Tambayar da aka fi yi a kasuwa ita ce, "Core i nawa ce?" Wadda ta fi ta amfani ita ce, "Janareshan nawa?" Lambar da ke bin sunan ce ke faɗa: i7-7500U zubi na 7 ce, mai cibiya biyu, kuma ba ta cika sharaɗin Windows 11 ba, i5-8250U zubi na 8 ce, mai cibiya huɗu, ta kuma cika. Sitikar i7 na iya sa mutum ya biya kuɗi mafi yawa a kan kaya mafi rauni.

MacBook ta hannu ma na da nata ramukan. A watan Yunin 2025 Apple ya sanar cewa macOS Tahoe ce ta ƙarshe da za ta ɗauki Mac masu furosesar Intel, don haka arahar da ake gani a kansu tana da dalili. Samfuran 2015 zuwa 2019 masu siririn allon rubutu sun yi suna wajen maƙalewar maɓallai, har kamfanin ya amince a 2022 ya biya dala miliyan 50 don sasanta ƙarar da masu saye suka shigar a Amurka. Sannan akwai kulle: Mac ɗin da mai ita na farko bai cire asusunsa na iCloud ba, ko wadda har yanzu ke rajiste da sunan wani ofis, na iya ƙin buɗuwa bayan an goge ta. A sa mai sayarwa ya goge ta a gaban ido, a haɗa ta da intanet, a ga ta tashi har ƙarshe. Lafiyar batir ma ba sai an dogara da rantsuwa ba: Mac na nuna adadin zagayen caji a shafin bayanan na'ura, Windows kuma na fitar da cikakken rahoto idan aka buga umarnin powercfg /batteryreport.

Abin da ke tafe

Tsarin da ya tsaya tun 1981 ya fara motsi. Daga 2024 Dell da HP da Lenovo da Microsoft kansa sun fito da laftof masu furosesar Snapdragon X ta kamfanin Qualcomm, wadda ita ma ta ARM ce. Windows ce a kai, batirin na daɗewa, amma tsohon direban firinta ko wata manhaja ta musamman na iya ƙin tashi. Ma'ana, kwamfutoci biyu masu suna ɗaya a kan kanta ɗaya na iya bambanta a ciki fiye da na kamfanoni biyu. Bayan wasu shekaru irinsu za su iso kasuwannin gwanjo, kuma tambayar janareshan kaɗai ba za ta wadatar ba.

Wasu igiyoyin na kwancewa. Dokar Tarayyar Turai ta wajabta wa sababbin laftof karɓar caji ta USB-C daga watan Afrilun 2026, abin da zai rage neman cajar kamfani kaza mai bakin kaza. Ayyuka da yawa sun koma cikin burauza, inda ba ruwan shafin da sunan na'ura. Amma sababbin igiyoyi na maye gurbinsu: hotuna a iCloud, takardu a OneDrive, kalmomin sirri a asusun Google, da kuɗin wata-wata da ake cira da dala. Ɗaurin ya tashi daga jikin na'ura ya koma cikin asusu.

Saboda haka shirin sauya kwamfuta daga takarda da biro yake farawa. Mutum ya rubuta manhajojin da abincinsa ya dogara a kansu, ya tabbatar kowacce na tashi a inda zai koma. Ya lissafa na'urorin da yake jonawa. Ya ajiye kwafin fayilolinsa a wuri biyu, a tsarin da kowace kwamfuta ke buɗewa, ya kuma riƙe kalmomin sirrinsa da kansa. Wanda ya yi haka zai iya barin kowane kamfani ranar da ya ga dama. Ko bai yi niyyar barin kowa ba ma shirin na da amfani, domin masu Commodore da Compaq da IBM ba su suka yi sallama ba, kamfanonin ne suka tafi suka bar su da fayilolinsu a hannu.